Ciwon da Ba Ya Son Tabo

Shekara talatin da biyu na yi ina wankin ciwo a asibiti. Ba aikin raba ƙwayoyi da auna zafin jiki nake nufi ba, wannan kowa ma ya iya. Ɗakina shi ne na ƙarshen baranda, mai gado ɗaya da bokiti biyu da tagar da ba a rufewa saboda wari. Nan ake turo duk wanda ƙafarsa ta ruɓe ko ɗinkinsa ya farke. Likitoci kan leƙo daga bakin ƙofa su ce, "Sista, ya kika gani?" In na ce zai rufe, su tafi hankali kwance. In na yi shiru, su fara neman ɗakin tiyata. A da da alfahari nake ba da wannan labari. Yanzu ina faɗa ne kawai don a san wace ce ta riƙe kwalbar.

Auta, ɗana na ƙarshe, tun yana aji biyu yake sa tabarau, kuma kowace shekara sai an ƙara masa kauri. In ya cire, ba ya gane ni daga bakin ƙofa sai na yi magana. Yayyensa Malam Tabarau suke ce masa, har ya yi aure ba su daina ba. Shi kuwa abu ɗaya yake so a duniya, aikin kashe gobara. Yana tsaron sito a wani kamfanin fenti, amma kullum da safe sai ya yi gudu, ya hau benen gidan da suke haya sau goma da buhun yashi a kafaɗa. Sau uku yana zuwa gwajin ɗaukar aiki. Sau uku yana cin gudu, ya ci hawan tsani, ya ci rubutu, sai a zo kan ido a sallame shi, don abin rufe fuskar da suke shiga hayaƙi da shi ba ya zama a kan tabarau.

A karo na ukun ne babban jami'insu ya tausaya masa. Ya ce in aka gyara idon da na'urar hasken leza, ya dawo bayan wata biyar ya karanta allo ba tabarau, gurbinsa na nan. Ba sa ɗaukar wanda ya cika talatin, Auta kuwa saura wata bakwai ya cika. Ke nan wannan ce ta ƙarshe, shi ya sani, ni na sani, matarsa ma ta sani.

Matarsa Malama muke ce mata, tana koyar da ƙananan yara. Yarinya ce mai hankali, ba ni da abin cewa a kanta, sai dai hannunta ba na jinya ba ne. Na taɓa ganin ta ɗaure yatsan da ta yanke da wuƙa, sai da na kau da kai. Don haka da aka sa ranar aiki na haɗa jakata na ce zan zo in yi musu mako guda. Ba wanda ya gayyace ni. Ba kuma wanda ya isa ya hana.

Likitar ido yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba. Ta nuna mana hoton ido a bango, ta sa biro a kan tantanin nan mai haske garau da ke rufe da baƙin ido. Ta ce na Auta siriri ne, saboda haka ba za ta yanka shi ta ɗaga kamar murfi ba, yadda ake yi wa wasu. Za ta kankare fatar samansa ne, leza ta sassaƙe abin da ke ƙasa, sannan a bar fatar ta sake tsirowa da kanta. Ta ce kwana uku zai sha zafi, kuma da yake ƙarfin tabaraunsa ya yi yawa, sassaƙar za ta yi zurfi.

Ta jera kwalabe uku a kan tebur. Ɗaya na kashe ƙwayar cuta, ɗaya hawayen roba ne don kada idon ya bushe, na ukun kuma mai farin ruwa kamar madara, wanda sai an girgiza.

"Wannan mai farin shi ne na wata huɗu," in ji ta. "Bari in yi muku bayanin abin da ya sa..."

"'Yata," na ce, "shekara talatin da biyu ina wankin ciwo. Rubuta mini lokutan kawai."

Sai ta yi murmushi, ta ɗan sunkuyar da kai. "Au, ashe Sista ce! To ai kin hutar da ni. Wasu sai na yi rabin awa ina maimaitawa." Ta rubuta lokutan ta miƙo mini. Ta girmama ni ne, kuma na ji daɗin girmamawar har cikin raina.

Aikin kansa bai kai minti ashirin ba. Ya fito da baƙin tabarau, an manna masa wata 'yar leda mai laushi a kowane ido a matsayin bandeji. Da muka isa gida na tsaga takarda daga littafin Malama, na ja layuka da rula yadda muke yi a asibiti: rana a gefe, lokaci a sama, kwalba uku, kowace da gidanta. Na manna ta a jikin firiji. Malama ta ce, "Umma, ku nuna mini, in ba kwa nan sai in riƙa ɗiga masa."

Na ce, "Ina zan je? Ke dai ji da tukunya."

Kwana ukun nan ya sha wuya. Ƙato guda, mai hawa bene da buhun yashi, ya kwanta a ɗaki mai labule a sauke yana cije matashi, hawaye na bin kunnuwansa. Ya ce kamar an zuba masa garin gilashi. Nakan zauna a gefen gado, in ɗora kansa a cinyata, in ja fatar ƙasan idon da babban yatsa in ce ya kalli silin. Ɗigo ɗaya, ba ya taɓa gashin ido, ba ya zuba a kumatu. Ya ce, "Umma, hannunki ko ji ba a yi." Na ce ai ba a kasuwa na saye shi ba.

Rana ta biyar muka koma a cire ledar. Likita ta ɗiga masa wani ruwa mai launin ɗorawa, ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta kunna shuɗiyar fitila. Ta kira ni in leƙa, wai tunda ni 'yar gida ce. A tsakiyar idon dama akwai wani ɗan fili yana ƙyalli kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Fatar ba ta gama haɗewa ba ke nan. Na hagu ma da saura kaɗan.

"Ya ɗan yi jinkiri," in ji ta. "A dakatar da mai farin na kwana uku, yakan rage wa fata saurin rufewa. In ta rufe sai mu ci gaba."

A mota na ciro kwalbar na sa tabarauna na karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Sitiroid ne. Raina ya ɓaci. Ni na san sitiroid, ba a littafi ba. Na ga matan da suka shekara suna shafa man da ke da shi don su yi fari, a yi musu aikin haihuwa, kwana goma ɗinki ya buɗe baki kamar ba a taɓa sa zare ba. Na yi wata takwas ina wanke ƙafar wani direba da ya riƙa shafa shi a kan ƙaramin ƙurji, daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga gwiwa. A ɗakina, duk wanda ya shigo da ciwon da ya ƙi rufewa, kafin in tambayi sunansa nake tambayar me yake shafawa. Ga shi yau da hannuna na kwana biyar ina zuba shi a kan ɗanyen ciwo a idon ɗana.

Muka dakatar. Bayan kwana uku muka koma, ta ɗiga ruwan ɗorawa, ta kunna fitila, ba ko ɗigon kore. Fata ta rufe ruf. Likita ta cire ledar ta ce, "Madalla. Yanzu a koma kan mai farin, sau huɗu a rana wata guda, sannan uku, sannan biyu, sannan ɗaya."

A zuciyata na ce, yarinya, ke da bakinki kika ce yana hana rufewa. An cire shi, ciwo ya rufe a kwana uku. Yanzu kuma a mayar, har wata huɗu? Fatar da ta tsiro jiya, ko ƙwari ba ta yi ba? Na san irin wannan, takarda ce ta kamfani ake bi, kowa a ba shi iri ɗaya. Na sha gyara wa likitoci irin wannan a ɓoye, in bar su da rubutunsu in yi abin da ciwo yake so, su zo daga baya suna murna maganinsu ya yi aiki. Ba na gardama da likita, ban taɓa yi ba. Ƙyale shi nake yi.

Abin ba wuya. Auta kwance yake, ido a silin, kwalabe suna hannuna. Nakan girgiza mai farin ya ji ƙararta, in ajiye, in ɗiga masa hawayen roba. Bayan minti biyar in sake ɗiga masa hawayen. In na shiga wanke hannu, sai in matsa ɗigo biyu na mai farin a kwamin wanke hannu in sakar musu ruwa, don kwalbar ta riƙa raguwa daidai. Sannan in zo jikin firiji in sa alama a gida biyu. Da rana yakan dawo daga sito cin abinci, in yi masa na rana. Mako gudan da na ce zan yi ya zama wata, ya zama biyu, ina kwana a kujerar falo, ba wanda ya yi ƙorafi.

Cikar wata ɗaya ya karanta layin ƙarshe na allo da kowane ido. A hanyar gida ya riƙa karanta mini lambobin motoci kamar yaron da ya fara koyon baƙi. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Umma, ashe bishiyar nan ganye ɗai-ɗai gare ta!" Malama ta ɗauki tsohon tabaraun ta ce za ta sa a kwali a nuna wa jikoki. Ni kuma na kalli kwalbar mai farin a kan firiji na yi mata murmushin wanda ya san abin da ya sani.

A mako na tara ne ya fara goge ido da bayan hannu yana cewa kamar akwai maiƙo. Na ce bushewa ce, na ƙara masa hawaye. Mako na goma ya aika wa wani mai saye fenti da lambar da ba ita ba har sau biyu, maigidansa ya yi masa faɗa. Ya ce fitilun sito sun yi gashi-gashi, kowace da rawani. Wata safiya yana shan shayi kusa da taga, hasken ya bugi fuskarsa ta gefe, sai na ga baƙin idonsa na dama ba baƙi wuluk ba ne kamar da. Akwai wani fari-fari a kai, irin wanda numfashi kan bari a jikin madubi. Na ce masa ya kalle ni. Ya kalle ni yana murmushi, ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, gashin ido ne.

Da muka koma asibiti, likita ta daɗe a kan na'urar. Ba ta kira ni in leƙa ba. Ta koma kujera ta ce, "Hazo ya fito a tantanin. Na dama ya fi yawa. Ana sa mai farin kuwa?"

Auta ya yi dariya. "Likita, Umma ce fa. Ko minti biyar ba ta bari ya wuce." Ya ciro takardun firiji guda uku daga aljihu, don shi ya ce a zo da su, yana alfahari. Ta bi su layi-layi da biro. Ba gida ɗaya da babu alama.

"Ban taɓa ganin wanda ya kiyaye haka ba," in ji ta. Ta juya wajen Auta. "Bari in gaya maka abin da ke faruwa. Sista ta sani, amma kai ya kamata ka ji."

Ashe ban sani ba. A kujerar nan, jakata a cinya, na ji bayanin da na katse wata uku da suka wuce. Ta ce fatar sama da ta rufe a mako guda ba ita ce warkewar ba, marfi ne kawai. Ainihin aikin a ƙasa yake, kuma wata da watanni yake ɗauka. Ta ce naman tantanin zare-zare ne, a jere suke tsaf, kowane a layinsa, shi ya sa haske ke ratsa shi. In leza ta taɓa wurin, sai ƙwayoyin da ke ciki su farka su ɗauka an ji ciwo ne irin na ko'ina, su hau saƙa da gaggawa, zare kan zare ba tsari. A ƙafa ko a ciki wannan saƙar ita ake nema, ita ce tabo, ita ke riƙe nama. A ido kuwa fari take fitowa, haske ya kasa wucewa.

"Mai farin aikinsa ke nan," in ji ta. "Ya riƙa ce musu su bi a hankali. Ko'ina a jiki so muke ciwo ya yi saurin kama kansa. Nan ne kaɗai muke riƙe masa hannu."

Shekara talatin da biyu ina roƙon tabo. In na buɗe bandeji na ga jan nama ya taso, ƙwaya-ƙwaya, har godiya nake yi a fili. Wata uku ke nan ina yi wa idon ɗana irin wannan fata, kuma ya amsa. Kunya ta rufe ni, tsoro ya bi bayanta. Na buɗe baki, na ji Auta yana cewa, "To yanzu me za a yi?" sai na mayar na rufe.

Ta ba da wani mai farin da ya fi ƙarfi, duk awa biyu, mako uku, a dawo a auna nauyin ruwan ido. Daga ranar kwamin wanke hannu bai sake shan ko ɗigo ba. Na sa agogo, na bi shi har sito ina ɗiga masa a bayan tulin gwangwanayen fenti, abokan aikinsa suna tsokanarsa wai ɗan Umma. Na ce wa kaina in ya washe, ba sai kowa ya ji ba. Allah ya gani, ba abin da na roƙa a makonnin nan sai wannan.

Shi kuwa ya shiga neman laifinsa. Ya tuna ranar da ya manta baƙin tabarau ya fita rana tsaka sauke kaya. Ya tuna ya taɓa murza ido cikin barci. Ya daina gudun safe. Wata rana na ji shi yana ce wa Malama a kicin, "Tsohuwar nan ta bar gidanta tana kwana a kujera saboda ni, ni kuma na kasa kiyaye tabarau ɗaya." Ina tsaye a baranda da kwalbar a hannu. Na jira suka canza magana sannan na shiga.

Bayan mako uku na hagu ya ɗan washe. Na dama ko gezau. Ya karanta layi uku na sama, a na huɗu ya fara cinta. Saura mako biyar gwaji. Wannan karon Malama ta biyo mu, tana zaune a kujerar bayan ƙofa.

Auta ya ce, "Likita, na ji ana iya komawa a kankare hazon."

"Ana yi," in ji ta. "A kankare, a shafa wani magani da ke hana shi dawowa. Amma ba zan ɓoye maka ba, idonka ba zan sake taɓa shi ba. Da a ce ka yi wasa da magani ne, da na ce idon lafiya lau yake, kulawa ya rasa, in ya huce mu sake gwadawa. To ga takardunka. Idon da ya yi wannan tabo alhali ana zuba masa magani sau huɗu a rana, ba fashi, in na koma da leza zai iya yin wanda ya fi wannan. Zan rubuta a fayil ɗinka, don kada wani likitan ma ya yi gangancin taɓawa."

Ta jawo fayil ɗin ta cire murfin biro. Takarduna suna manne a ciki, da layukan rula da alamomina masu kyau, ɗari da ɗari.

"Kada ki rubuta," na ce.

Duk suka juyo.

"Ba a sa ba. Tun ranar da kika ce a dakatar ba a sake sawa ba, sai mako ukun nan. Hawayen roba nake ɗiga masa. Mai farin a kwamin wanke hannu nake zubarwa."

Na ji ƙarar fanka, na ji wani yaro yana kuka a ɗakin jira. Auta ya ce, "Umma, wace irin magana ce wannan? In don ki sa ta yi aikin ne..."

"Ba don haka ba ne. Sitiroid ne, na ga yana hana ciwo rufewa. Na ɗauka na fi ta sani."

"Alamomin fa?"

"Ni na sa su."

Likita ta ajiye biro. Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Mama, me ya hana ki tambaye ni?" Ba ta sake ce mini Sista ba. Ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Ni ma da laifina. Kowa ina yi masa bayani. Ke kaɗai na tsallake."

Na tambaye ta abin da ke cina. Na ce, da an sa, da bai fito ba? Ta ce ba za ta rantse ba. Wasu idanun sukan yi hazo ko an sa, wasu ba sa yi ko ba a sa ba. Amma ga mai sassaƙa mai zurfi irin tasa, shi ne abin da muke da shi a hannu, kuma na hagun da ya washe cikin mako uku ya nuna idonsa na jin maganin. Ko wannan ƙofar ba ta bar mini in fake ba, ba ta kuma rufe ta gaba ɗaya ba. Har yau a tsakiyarta nake tsaye.

"To za a iya kankarewa ke nan," in ji Malama daga bayan ƙofa. Ita kaɗai ce kanta ke aiki.

"Za a iya. Amma ba yanzu ba. Sai idon ya daina saƙa ya natsu, wata shida, ko fiye. In na shiga yana cikin aiki, ƙara tunzura shi zan yi."

Auta ya ƙirga da yatsu, kamar bai san amsar ba. Wata shida. Ya ajiye hannun a gwiwa. Likita ta ce za ta rubuta wa jami'in takarda ta roƙi a ɗaga masa. Ta rubuta kuwa, aka amsa cikin ladabi cewa dokar shekaru ba a hannunsu take ba.

Da muka shiga gida ya wuce jikin firiji, ya cire takardar da ke manne, ya kawo ta dab da idon hagu yana kallo. Na tsaya ina jira ya yaga, ko ya ɗaga murya, ko ya ce in tattara kayana. Bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da na haife shi, ran nan ma bai yi ba. Ya ce, "Ranar da nake cewa ni na jawo, da na fita ba baƙin tabarau, kina ji?"

Na ce, "Ina ji."

Ya gyaɗa kai. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu.

Ranar gwaji ya je duk da haka. Ya goge takalmi, ya sa farar riga. Kafin azahar ya dawo, ya rataye rigar, ya sauko da buhun yashin nan daga kan bene ya ajiye wa masu gini a bakin titi. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi. Tsohon tabaraun da Malama ta adana ma ba ya yi masa amfani yanzu, don idon ba irin na da ba ne, kuma ba gilashin da ke goge abin da ke cikin tantani.

Har yanzu da sauran magani, sau uku a rana, don a riƙe abin da ya rage kafin wata shidan. Washegarin ranar da na faɗi gaskiya a asibiti na haɗa jakata na ajiye a bakin ƙofa. Ƙarfe takwas agogon da na saita ya buga. Jikina ya riga tunanina, na wanke hannu har gwiwar hannu na nufi firiji. Kwalbar ba ta nan.

Suna ɗaki, ƙofa a buɗe. Yana kwance, kansa a cinyar Malama. Sabuwar kwalba ce, ya sa ta ɓalle hatimin a gabansa, ta karanta masa sunan da ƙarfi. Ba ta girgiza ta sosai ba. Ta ja fatar sama maimakon ta ƙasa. Ɗigon farko ya sauka a kumatu ya gangara kunne, na biyu a gashin ido, bakin kwalbar saura ƙiris ya taɓa ƙwayar idon. Duk ina gani. Yatsuna har motsi suke yi da kansu.

"Na ɓata biyu," in ji ta, kamar za ta yi kuka. Ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa. "Umma, ko za ku..."

"A'a," in ji Auta, idonsa a silin. "Sake gwadawa. Naki in ya zuba ina ji."

Na mayar da hannuwana baya, na riƙe ɗaya da ɗaya. Ɗigo na uku ya shiga.